Fita Waje da Fasfon Brazil: Tambayoyi da Amsoshi kan Biza da Sharuɗɗan Shiga Ƙasashe

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu fasfon Brazil da ke shirin fita yawon buɗe ido ko ziyarar dangi, har da 'yan Afirka ta Yamma da suka daɗe a São Paulo suka zama 'yan ƙasa, da waɗanda aka haifa wa 'ya'ya a can. Maganar gajeriyar ziyara ce kawai. Karatu da aiki da zaman dindindin kowanne da nasa dokoki.

Da gaske ne mai fasfon Brazil yana shiga yawancin ƙasashe ba biza?

Da gaske ne. Ƙasashe da yankuna fiye da 160 suna karɓar ɗan Brazil ba tare da ya je ofishin jakadanci ya yi layi ba. Sai dai ba hanya ɗaya suke bi ba. Akwai waɗanda fasfo kaɗai ya isa, kamar Turkiyya da Rasha da Maroko. Akwai waɗanda sai ka nemi izini ta intanet kafin ka hau jirgi, kamar Birtaniya da New Zealand. Akwai kuma masu sayar maka da biza a filin jirgi idan ka sauka, kamar Masar.

Inda mutane ke yin kuskure shi ne ɗaukar cire biza a matsayin cire sharaɗi. Cire biza izini ne na ka zo bakin ƙofa. Jami'in shige da fice ne ke da ikon buɗewa, kuma tun kafin ka kai gare shi, ma'aikacin kamfanin jirgi a filin jirgin Guarulhos na São Paulo ko Galeão na Rio de Janeiro zai iya hana ka hawa idan takardunka ba su cika ba, domin kamfanin ne ke ɗaukar tara da kuɗin mayar da fasinjan da aka ƙi karɓa.

Wa ke ba da fasfon, kuma shekara nawa yake aiki?

A cikin Brazil, 'yan sandan tarayya ne, wato Polícia Federal. A waje kuwa, ofisoshin jakadanci. Ana cika fom ta intanet, a biya kuɗi, a zaɓi ranar zuwa ɗaukar hoto da zanen yatsu. Kuɗin da aka daɗe ana biya shi ne real 257.25 na kuɗin Brazil, kuma fasfon da ba a je an karɓa ba cikin kwana 90 soke shi ake yi.

Tun 2015 fasfon wanda ya kai shekara 18 yana aiki shekara 10. Na yara gajere ne: jaririn da bai cika shekara ɗaya ba nasa shekara ɗaya ne, ɗan shekara ɗaya nasa biyu, haka ake ƙarawa har a kai shekara huɗu, daga nan zuwa 18 kuma shekara biyar. Iyaye sukan manta da wannan, su duba nasu su ga da sauran shekaru, ashe na yaron ya mutu tun bara.

Abu biyu ke tare manya. Jefa ƙuri'a tilas ne a Brazil ga mai shekara 18 zuwa 70, kuma wanda bai jefa ba, bai ba da uzuri ba, bai biya tara ba, ba za a ba shi fasfo ba sai ya daidaita da hukumar zaɓe. Maza kuma sai takardarsu ta rajistar aikin soja ta kasance daidai. Wanda ya zama ɗan ƙasa da girmansa, wannan ya shafe shi shi ma.

Fasfona saura wata huɗu ya mutu. Zan iya tafiya da shi?

Ya danganta da inda ka nufa. Ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da suka cire binciken iyaka a tsakaninsu, suna son ya rage aƙalla wata uku bayan ranar da za ka fita daga yankin, kuma ya zama an ba da shi cikin shekara 10 da suka wuce. Hadaddiyar Daular Larabawa da Masar da Tailan suna neman wata shida. Birtaniya kuwa ya ishe ta idan fasfon zai kai ƙarshen ziyararka. Shawara mafi sauƙi ita ce da zarar saura wata shida, ka sabunta, ka huta da lissafi. A duba kuma ko da sauran shafukan da ba a buga musu hatimi ba, domin Afirka ta Kudu, alal misali, ba ta wasa da wannan.

An ce ana shiga ƙasashen maƙwabta da katin shaida kawai. Waɗanne ne?

Ajantina, Paraguay, Uruguay, Chile, Bolibiya, Peru, Ecuador da Kolombiya suna karɓar katin shaidar ɗan ƙasa na Brazil, wanda ake kira RG, ko sabon da ya gaje shi mai suna CIN, albarkacin yarjejeniyar Mercosul, ƙungiyar kasuwanci ta ƙasashen Kudancin Amurka. Katin na ainihi ake nufi, wanda ake riƙewa a hannu, ba hotonsa a waya ba, ba kwafi ba. Ya zama bai lalace ba, hoton kuma ya yi kama da mai shi. Katin da aka yi maka kana yaro, yanzu ga gemu, yana iya sa a mayar da kai, shi ya sa ake cewa kada ya haura shekara 10. Lasisin tuƙi, duk da a cikin Brazil ana hawa jirgi da shi, ba ya cikin takardun tafiya na wannan yarjejeniya.

Masu tsallakawa ta ƙasa, kamar ta Foz do Iguaçu, su tsaya a ofishin shige da fice a yi musu rajistar shiga. Wanda ya wuce ba rajista ya nausa cikin ƙasar, tara na jiransa ranar fita.

Guyana da Suriname sai da fasfo. Guiana ta Faransa kuwa abin mamaki ce: ɗan Brazil yana shiga Paris ba biza, amma shekara da shekaru sai da biza yake tsallaka kogin Oiapoque ya shiga wannan yanki na Faransa da ke jingine da jihar Amapá, duk da gadar da aka buɗe a 2017. A 2025 ne shugabannin ƙasashen biyu suka sanar da shirin cire wannan sharaɗi.

Kwana nawa zan iya yi a Turai?

Kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma a yankin Schengen gaba ɗaya ake ƙirgawa, ba a kowace ƙasa daban ba. Yankin yanzu ƙasashe 29 ne, bayan shigar Croatia a 2023 da cikar shigar Romaniya da Bulgariya a farkon 2025. Switzerland da Norway da Iceland suna ciki duk da ba sa Tarayyar Turai.

Lissafin baya ake yi. A kowace rana da kake cikin yankin, ka waiwaya kwana 180 da suka wuce, ka ƙirga nawa ka yi a ciki. Idan ka yi kwana 60 a Portugal, ka koma Brazil wata ɗaya, ka dawo, kwana 30 kawai suka rage maka. Ranar shiga da ranar fita duk ana ƙirga su cikakku. Dabarar nan ta a tsallaka Maroko ko Landan a kwana biyu a dawo ba ta sabunta komai, kwanakin da ka yi a wajen ne kawai ba a ƙirga ba. Wanda ya zarce wa'adi yana iya fuskantar tara ko haramcin shiga na wani lokaci, kuma da sabon tsarin rajista da aka yi bayani a ƙasa, kwamfuta ce ke ƙirgar, ba jami'in da zai iya kasa karanta hatimin da ya dushe ba.

Me jami'in bakin iyaka zai tambaya a Lisbon ko Madrid?

Tikitin komawa, inda za ka kwana, kuɗin da za ka ci, da dalilin zuwanka. Wani a tambaye shi duka, wani a bar shi ya wuce ba a ko ɗago kai ba. Portugal ta ƙayyade yuro 75 na shiga da yuro 40 na kowace rana, sai dai idan wanda ya gayyace ka ya sa hannu a takardar ɗaukar nauyi da ake kira termo de responsabilidade. Sifaniya tana lissafa nata da kashi 10 cikin 100 na mafi ƙarancin albashin wata a kowace rana, don haka kuɗin yana hawa duk lokacin da aka ƙara albashi. Idan gidan wani za ka sauka a Sifaniya, wasiƙar hannu ba ta wadatar ba. Mai gidan ne zai je ofishin 'yan sanda ya nemi carta de invitación, abin da ke ɗaukar makonni.

'Yan Brazil ba su manta da 2008 ba, lokacin da aka riƙa tsare matafiyansu a filin jirgin Barajas na Madrid ana mayar da su, har abin ya zama rikici tsakanin gwamnatocin biyu. A 2012 Brazil ta ɗora wa Sifaniyawa irin waɗannan sharuɗɗa. Abin ya lafa, amma dokar tana nan.

Inshorar lafiya ta yuro 30,000 sharaɗi ce a kan masu neman bizar Schengen. Mai fasfon Brazil ba ya neman biza, amma gara ya saya, domin asibitin kyauta na gwamnatin Brazil, wato SUS, bai bi shi waje ba. Mai zuwa Portugal, da mai biyan kuɗin fansho da zai je Italiya ko Cape Verde, yana iya neman takardar CDAM daga ma'aikatar lafiya ta Brazil, wadda ke sa a duba shi a asibitin gwamnati kamar ɗan gida. Ba ta biyan kuɗin dawo da mara lafiya ko gawa, wannan aikin inshora ne.

Mene ne EES da ETIAS?

Abubuwa biyu ne daban. EES tsarin rajista ne da aka fara aiki da shi ranar 12 ga Oktoba 2025: a shigarka ta farko a ɗauki hoton fuska da zanen yatsu, kwamfuta ta rubuta ranar shiga da ta fita a madadin hatimi. Ba a biyan komai, ba a cika fom daga gida.

ETIAS kuwa izinin tafiya ne da za a riƙa nema ta intanet kafin a tashi. An sha ɗaga ranar fara shi, kuma shirin da aka sanar shi ne ƙarshen 2026, a kan yuro 20, ya yi aiki shekara uku ko zuwa mutuwar fasfo. 'Yan ƙasa da shekara 18 da waɗanda suka haura 70 ba za su biya ba. Bai ƙara ko kwana ɗaya a kan 90 ɗin da aka faɗa a sama ba. A kula da shafukan 'yan damfara masu kwaikwayon na hukuma suna karɓar kuɗi ninki.

Birtaniya da Ireland fa?

Dukansu ba sa Schengen, don haka kwanakin da ka yi a can lissafinsu daban ne. Birtaniya tana barin ɗan Brazil ya yi ziyara har wata shida ba biza, amma tun 8 ga Janairu 2025 sai da izinin ETA, wanda ake nema ta manhajar waya. Ya fara a fam 10, aka mayar da shi 16 a Afrilun 2025, yana kuma aiki shekara biyu. Kowane matafiyi da nasa, har jariri. Izinin a manne yake da lambar fasfo, idan ka sabunta fasfo sai ka sake nema. Ireland ba ta neman biza, tana ba da har kwana 90, amma mai son leƙawa Belfast ya tuna ya shiga ƙasar Birtaniya ke nan.

Yaya ake neman bizar Amurka?

Nan kam babu sauƙi. Brazil ba ta cikin ƙasashen da Amurka ta ɗauke wa biza, don haka ko kwana uku za ka yi a Orlando sai ka nemi bizar ziyara ta B1/B2. Za ka cika fom ɗin DS-160, ka biya dala 185, ka je cibiyar da ake kira CASV a ɗauki hoto da yatsu, sannan ka je ganawa a ofishin jakadanci da ke Brasília ko ƙananan ofisoshi a São Paulo, Rio de Janeiro, Recife da Porto Alegre. Kuɗin ba ya dawowa ko an hana ka. Jiran ranar ganawa kan kai watanni, don haka kada ka sayi tikiti kafin biza ta fito.

Yawancin waɗanda ake hanawa a ƙarƙashin sashe na 214(b) ake hana su. Dokar Amurka tana ɗaukar duk mai neman bizar ziyara a matsayin mai niyyar zama, sai ya gamsar da jami'i cewa yana da abin da zai dawo da shi: aiki, iyali, karatu, kasuwanci. Ganawar 'yan mintoci ce, kuma abin da ka rubuta a fom ya fi tarin takardun da ka riƙo nauyi. Ƙarya a fom tana iya jawo haramci na har abada, abin da talaucin asusun banki ba ya jawowa.

Bizar kan kai shekara 10, amma wannan ba tsawon zama ba ne. Jami'in filin jirgi ne ke yanke wa'adin kowace ziyara, yawanci har wata shida. Idan fasfo ya mutu biza na da sauran rai, ka tafi da tsohon da sabon tare, kada ka ɓamɓare ta. 'Yan Brazil masu fasfo na biyu na Italiya ko Portugal, kuma suna da yawa, sukan bi ta ESTA, izinin intanet na 'yan ƙasashen da Amurka ta ɗauke wa biza, su kauce wa duk wannan.

Me ya sa dokokin ke yawan sauyawa?

Saboda siyasar biza ta Brazil a kan ba ni gishiri in ba ka manda aka gina ta: yadda ka yi wa 'yan ƙasarta haka za ta yi wa naka. A 2019 gwamnatin Jair Bolsonaro ta karya wannan al'ada, ta cire wa Amurkawa da 'yan Kanada da Ostireliya da Japan biza ba tare da an rama mata ba. Gwamnatin Lula da Silva ta juya. Japan ta zauna aka daidaita, daga 30 ga Satumba 2023 kowane ɓangare ya cire wa ɗaya biza ta kwana 90. Sauran ukun ba su cire ba, sai Brazil ta mayar musu da biza daga 10 ga Afrilu 2025.

Amfanin sanin wannan ga matafiyi shi ne yawancin rangwamen yarjejeniya ce mai wa'adi. Ta Japan ta shekara uku aka ƙulla, ta Sin ta gwaji ce. Abin da abokinka ya tarar bara ba hujja ba ne bana. Shafin ofishin jakadancin ƙasar da za ka je, da na ma'aikatar harkokin wajen Brazil da ake kira Itamaraty, su ne abin dubawa kafin biyan kuɗin tikiti da kuma mako guda kafin tashi.

Kanada da Meziko suna neman biza?

Kanada tana nema, amma da sassauci. Tun Mayun 2017, ɗan Brazil da ke da bizar Amurka mai aiki, ko ya taɓa samun bizar Kanada cikin shekara 10 da suka wuce, yana iya neman izinin eTA ta intanet a kan dalar Kanada 7. Sharaɗin shi ne ta jirgin sama zai shiga. Wanda ke New York ya ce bari ya hau mota ya tsallaka ta Niagara, eTA ba za ta yi masa aiki ba, sai cikakkiyar biza.

Meziko ta daɗe ba ta neman biza daga 'yan Brazil. Da yawan masu bi ta ƙasarta su tsallaka Amurka ya ƙaru, sai ta kawo izinin intanet a Disambar 2021, ta koma bizar ofishin jakadanci a Agustan 2022. Mai bizar Amurka, Kanada, Birtaniya, Japan ko Schengen mai aiki an ɗauke masa. Dokar Meziko tana cikin waɗanda suka fi sauyawa, don haka abin da aka faɗa a amsar da ta gabata ya fi shafar ta.

Asiya, Gabas ta Tsakiya da Afirka fa?

Sin ta cire wa 'yan Brazil biza ta kwana 30 daga 1 ga Yuni 2025, tare da Ajantina, Chile, Peru da Uruguay. Koriya ta Kudu, Malesiya, Tailan da Hong Kong suna ba da har kwana 90, ko da yake Koriya tana da nata izinin intanet. Indiya sai da biza, amma ana samunta ta intanet. Ostireliya cikakkiyar bizar ziyara take nema. Hadaddiyar Daular Larabawa ta cire biza tun 2018, Katar ma tana karɓa a bakin shiga.

A Afirka, Afirka ta Kudu, Maroko, Tunisiya da Senegal ba sa neman biza. Angola ta cire a 2023. Kenya tana neman izinin intanet tun Janairun 2024. Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru da Chadi duk sai da biza.

Zan iya zuwa Umara ko Hajji da fasfon Brazil?

Saudiyya tana neman biza. Mai bizar Amurka, Birtaniya ko Schengen mai aiki, wadda ya taɓa shiga da ita, yana samun bizar yawon buɗe ido cikin sauƙi, kuma ana yin Umara da ita a wajen lokacin Hajji. Hajji kuwa da tasa bizar ta musamman, kuma mahajjatan nahiyar Amurka da Turai ta dandalin Nusuk suke rajista. Shiga Makka lokacin Hajji da bizar ziyara laifi ne mai tara da kora. Ana buƙatar allurar sanƙarau, sannan wanda ya taso daga Brazil sai ya nuna katin allurar ciwon shawara (yellow fever), kamar yadda aka yi bayani a amsa ta gaba.

Wace allurar rigakafi ake tambaya?

Ta shawara ce kan gaba, domin ana lissafa Brazil cikin ƙasashen da cutar ke yaɗuwa. Afirka ta Kudu, Tailan, Indiya, Masar, Panama, Kolombiya da Ostireliya suna cikin masu tambayar katin daga wanda ya fito daga can. Najeriya da Ghana ma haka. Allurar kyauta ce a cibiyoyin lafiya na gwamnati, amma katin cibiyar ba shi ake nunawa a filin jirgi ba. Takardar ƙasa da ƙasa ake nema, CIVP, wadda ake nema ta shafin gwamnati na gov.br.

Sai allurar ta kwana 10 takardar ke fara aiki, don haka ba a yin ta ana gobe tafiya. Tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da ita ta har abada, allura ɗaya ta wadatar. Akwai tarko guda: a 2018, lokacin ɓarkewar cutar, an yi wa miliyoyin mutane a jihohin São Paulo, Rio de Janeiro da Bahia gutsuren allura don maganin ya isa kowa. Da wannan ba a ba da CIVP. Idan katinka an rubuta fracionada, sai ka sake yin cikakkiya.

Matata za ta tafi da yara ni ina nan. Akwai wata takarda?

Akwai, kuma a filin jirgin Brazil za a tare su, ba a can ba. Ƙa'ida mai lamba 131 ta 2011 ta majalisar shari'a ta ƙasa ta ce yaron da bai kai 18 ba, idan zai fita da uba kaɗai ko uwa kaɗai, sai da rubutaccen izinin ɗayan. Idan da kawu ko kaka zai fita, ko shi kaɗai, sai izinin iyayen biyu. Ana tabbatar da sa hannun a ofishin tantance takardu da ake kira cartório, a yi kwafi biyu, 'yan sandan tarayya su riƙe ɗaya. Uban da ke waje yana iya sa hannu a ofishin jakadancin Brazil.

Hanya mafi sauƙi ita ce a nemi a buga izinin a cikin fasfon yaron tun ranar yin sa. Amma a yi tunani kafin a zaɓa, domin izinin yana nan har fasfon ya mutu, sai dai a je a soke shi. Idan ɗaya daga cikin iyayen ya ƙi sa hannu ko ba a san inda yake ba, sai alƙali. Ba ruwan dokar da cewa yaron yana da fasfon wata ƙasa. Muddin ɗan Brazil ne mazaunin Brazil, ta hau kansa.

Ina da katin zama a Brazil, amma fasfona na Najeriya ne. Wannan rangwame ya shafe ni?

Bai shafe ka ba. Biza fasfo take bi, ba wurin zama ba. Katin CRNM yana ba ka damar zama da aiki da komawa Brazil, amma a idon Faransa ko Japan kai ɗan Najeriya ne, sai ka nemi biza, ko da yake kana iya nema a ofisoshinsu da ke Brazil. Ko a maƙwabta, idan ƙasar na neman biza daga 'yan Najeriya, katin ba ya ɗauke maka. Haka abin yake ga mai fasfon Nijar ko Ghana.

Wannan ne ke raba iyali gida biyu a bakin kantar filin jirgi. Duk yaron da aka haifa a Brazil ɗan ƙasa ne, sai dai idan iyayensa aikin gwamnatin ƙasarsu ya kawo su. Ga jariri yana shiga Lisbon ba biza, ga uwarsa ba ta shiga. Dokar ƙaura ta 2017 ta sa shekara huɗu na zama kafin neman zama ɗan ƙasa, ta rage zuwa ɗaya ga mai ɗa ko abokin aure ɗan Brazil, tare da sharaɗin iya Fotugis. A kuma kiyaye: wanda ya bar Brazil fiye da shekara biyu ba uzuri yana iya rasa izinin zamansa.

Ina da fasfo biyu. Da wanne zan je gida?

Ka fita Brazil ka koma da na Brazil, ka shiga Najeriya ka fita da na Najeriya. Idan na Brazil kaɗai ka riƙo, baƙo ne kai a Kano ko Abuja, sai da biza. Tsarin mulkin Najeriya ya yarda ɗan ƙasa ta haihuwa ya riƙe wata ƙasar, kuma yaron da aka haifa a waje uba ko uwa ɗan Najeriya yana da haƙƙin fasfo, ana nema ta ofishin jakadanci da ke Brasília. Brazil ma, da gyaran tsarin mulki na 2023, ta daina ƙwace ɗan-ƙasanci don mutum ya karɓi na wata ƙasa. Sunan da ke tikiti ya dace da na fasfo harafi da harafi. Muhammad a ɗaya, Mohammed a ɗaya, ƙaramin abu ne da ke cinye sa'o'i a kantar filin jirgi.

Yada zango kawai zan yi, ba zan fita filin jirgi ba. Sai da biza?

A Amurka, sai da ita. Babu zaman jira na ƙasa da ƙasa a filayen jirginta, kowa sai ya bi ta shige da fice, don haka tikiti mai araha zuwa Tokyo ta Dallas ba araha ba ne ga wanda ba shi da biza. Kanada ma sai da eTA ko biza. A Turai mai fasfon Brazil ba shi da matsala, amma Najeriya da Ghana suna cikin jerin ƙasashen da ake nema wa bizar yada zango a duk filayen jirgin Schengen, sai dai mai wasu takardu kamar bizar Amurka ko Kanada mai aiki. Shi ya sa iyalai masu fasfo gauraye sukan zaɓi bi ta Addis Ababa ko Casablanca ko Doha.

Nawa zan iya fita da shi, kuma me zan iya dawowa da shi?

Tun ƙarshen 2022, tsabar kuɗi da suka haura dala 10,000 ko kwatankwacinsu sai an bayyana wa hukumar haraji da kwastan ta Receita Federal ta fom ɗin e-DBV, a fita ko a shiga. A da real 10,000 ne iyakar. Tarayyar Turai tana da tata iyakar ta yuro 10,000, Amurka dala 10,000. Ɗaukar kuɗin ba laifi ba ne, ɓoyewar ce ke sa a ƙwace. A dawowa, kayan da ba na amfanin kai ba an yafe musu haraji har dala 1,000 ta jirgin sama ko na ruwa, dala 500 ta ƙasa. Abin da ya haura ana biyan rabin ƙimarsa. Mai dawowa daga gida da kilishi ko daddawa ya san jami'an aikin gona suna da ikon karɓe nama da tsirrai da iri a filin jirgi.

Idan aka hana ni shiga, ko fasfona ya ɓata a can, me zan yi?

Wanda aka hana shiga yana da haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin Brazil, a Turai kuma a ba shi dalilin a rubuce. Jakada zai iya bin kadin yadda ake riƙe da kai, ya sanar da iyalinka, amma ba ya iya tilasta wa wata ƙasa ta karɓe ka, ba ya kuma biyan lauya ko otal. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba, ka nemi tafinta.

Idan fasfo ya ɓata ko an sace, ka fara kai rahoto ofishin 'yan sandan garin, ka karɓi takarda, sannan ka nufi ofishin jakadanci mafi kusa. Suna iya yi maka sabon fasfo, ko idan lokaci ya ƙure su ba ka takardar komawa gida da ake kira ARB, wadda kyauta ce, amma ta tafiya ɗaya ce zuwa Brazil, ba a ci gaba da yawo da ita. Fasfon da aka ba da rahoton ɓatansa an soke shi ke nan, ko ka same shi daga baya a ƙasan jaka kada ka yi tafiya da shi. Bizar Amurka da ke cikinsa ita ma sai an sake nema daga farko.